Shekarar da Ban Shuka Gonar Kakau Ba

Na san abin da ake faɗa a tsakaninku game da gonar Kakau, don ba a ɓoye magana a gidan da ke da jikoki. Ana cewa na ɗauki gona sukutum na ba Nasiru ya yi wasan banza a cikinta saboda shi ne auta, kuma saura ƙiris aurena da babanku ya mutu a kan haka. Rabin maganar gaskiya ne. Tun da Allah ya ara mini rai kuma idona bai gama tafiya ba, gara in rubuta yadda aka yi da hannuna, kada wata rana ku yi ta musu a kan abin da ba ku gani ba.

A shekarar ne na yi ritaya daga aikin jinya. Mafi yawan shekarun aikina a ɗakin 'yan haɗari na yi su, kuma in kun tambayi duk wata nas da ta zauna a irin ɗakin nan a Kaduna, za ta gaya muku ranar Asabar da yamma ba a zama. Ranar biki ce, ranar rakiyar amarya, ranar da samari ke hawa kwalta su nuna bajinta a kan babur. Na ɗinke kawuna, na riƙe ƙafafun da ba su ƙara takawa ba, na kuma fita baranda na gaya wa iyaye abin da ba mai son ji. Da na aje aiki sai na ɗauka na rabu da wannan har abada. Na koma gidanmu na Unguwar Sanusi, ina zuwa Islamiyya da safe, ina leƙa 'yar gonar da na saya a Kakau tun ina aiki, wadda Baba Dogara, maƙwabcina a can, yake kula mini da ita. A lokacin ne yayarku ta aiko mini da babbar waya daga Abuja, wai don in riƙa ganin yaranta. Ni dai kira na iya da ɗagawa. In na taɓa wani wuri ta buɗe abin da ban sani ba, sai in kife ta a kan gado in jira wani ya shigo.

A cikin wayar nan na fara ganin abin. Wata maƙwabciya ce ta turo bidiyo a zauren matan unguwa, tana Allah wadai da 'ya'yan zamani. Ayarin biki ne a kan babban titi, motoci na ta hon, ga wani yaro tsaye cak a kan kujerar babur, ya saki hannu biyu, babur ɗin na sheƙa gudu tsakanin wata tirela da bas. Fuskarsa ba ta fito ba. Amma rigar ni na wanke ta, kuma na san tsayuwar ɗana ko a cikin dubu. Kafin azahar wani ya nuna wa babanku a masallaci. Kun san shi, ba mutum ne mai ɗaga murya ba. Ya jira Nasiru ya dawo daga gareji, ya kira shi tsakar gida, bai ko ce ya zauna ba.

"Ko babur ko gidana. Ka zaɓa."

"Baba, sana'ata ce fa. Gyaran babur nake yi."

"Gyara na ce ka koya. Ban ce ka koyi mutuwa ba."

Nasiru ya sunkuyar da kai ya ce ya daina. Babanku ya gamsu, ni ban gamsu ba. Duk yaron da na taɓa ɗinkewa yana da uban da ya hana shi, kuma kowannensu ya ce ya daina. Hanin ba ya raba su da babur, nesa da gida kawai yake kai su.

Bayan kwana biyu na hau Keke mai ƙafa uku na tafi garejin da yake aiki a Makera, abin da ban taɓa yi ba. Na same shi da baƙin mai har gwiwar hannu, suna gardama da wani dogon saurayi mai wushirya. Bulus ke nan, ɗan Sabon Tasha, iyayensa mutanen Filato ne. Shi ma bakanike ne, yakan tsallako sayen kayan gyara, kuma shi ne babban abokin hamayyar Nasiru a wannan wasan. Suka ba ni benci suna ta rawar jiki, sun zaci faɗa na zo yi. Na gaisa da su, na ce tambaya ɗaya ce ta kawo ni.

"A cikinku wa ya fi gudu?"

Nasiru ya yi murmushi ya ce, "Mama, ai wannan ba abin tambaya ba ne."

Bulus ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, ɗanki ne, amma bayana yake gani kullum."

"To wa ya auna?"

Suka dubi juna. Babu wanda ya taɓa aunawa. Wanda 'yan kallo suka fi yi wa ihu shi ne gwani, shi ya sa kowa ke neman abin da zai sa a yi ihun. Da Nasiru ya ga ba zagi na zo yi ba, sai ya ciro wayarsa ya nuna mini yadda ake yi a wasu ƙasashe. Fili ne a killace, ba mota ba mai tafiya a ƙasa. Mutum zai zo da babur ɗinsa a ranar da aka ware, da hular kwano da takalmi, ya yi ta zagaye ana auna masa lokaci, ya koma gida. Na ga yadda yake kallon abin, kamar mai azumi a gaban randa.

"A nan ina za mu sami irin wannan?" in ji shi. "Mu sai titi."

Na yi musu sallama na fito. Tun ina cikin Keke a hanyar gida gonar Kakau ta faɗo mini a rai. An riga an girbe masara, fili ne shimfiɗaɗɗe, ga shi nesa da gidajen mutane. Na kwana uku ina juya maganar, na yi istihara, sannan na je na sami Baba Dogara. Ya saurare ni har ƙarshe yana sassaƙa ƙotar fartanya, sai ya ce shi dai a kula masa da awaki. Shi ya raka ni wurin mai unguwa, wanda ya ce ba ya son ya ji an sha wani abu a wurin, ba ya son a wuce la'asar. Na ce sharaɗina ke nan ni ma. Na ƙara da nawa na gaya wa yaran: ba hular kwano ba hawa, ba caca, kuma duk wanda aka gani yana wasa a kan kwalta ko sau ɗaya ne, ya gama da gonata. Agogo kuma a hannuna zai zauna, ba a hannun ɗayansu ba.

Sai da na gama duk wannan na gaya wa babanku, kuma na san a nan ne ya fi jin ciwo. Yana shan kunu da safe na zauna na faɗa masa. Ya aje ludayin.

"Ke da kika ga abin da kika gani a asibiti?"

"Saboda abin da na gani ne, Malam. In zai faɗi, gara ya faɗi a kan ƙasa ina tsaye, da ya faɗi a ƙarƙashin tirela a kira ni."

"Na hana yaro abu, ke kin share masa fili."

"Ka hana shi titi. Ni ma na hana shi titi."

"Gonarki ce," in ji shi. "Ba da guminmu aka saya ba."

Wannan kalmar ta fi mari zafi, don tun da muka yi aure ba a taɓa cewa naka ko nawa a gidan nan ba. Bai hana ni zuwa ba, bai kuma sake tayar da maganar ba. Sai dai gidan ya yi sanyi. Zai gaishe ni, zai ci abincina, zai tambayi lafiyar jikoki, daga nan sai rediyo. Nasiru kuwa ko kallonsa ba ya yi, in ya gaishe shi sai ya amsa yana duban wani wuri.

Yaran suka kwaso tsofaffin tayoyi daga garejoji, suka jera su suka fitar da hanya mai lanƙwasa: ta miƙe daga gindin mangwaro, ta karya kwana a wajen ɗorawa, ta gangara kusa da rafi, ta dawo. Baba Dogara ya kawo toka aka ja layi a inda ake tashi, nan ne kuma ake ƙarewa. Ranar farko su bakwai ne ko takwas. Ni kuwa abin dariya na zama. Nasiru ya nuna mini agogon da ke cikin wayar, in danna nan in mutum ya tashi, in danna can in ya dawo kan layi. Ƙarar babur ta firgita ni na danna tun bai motsa ba. Da na ce bari in ɗauki bidiyo, muka zauna kallo sai ga takalmina da gefen mayafina, da muryata ina ta salati. Rana ta gasa wayar har ta ɗauke da kanta. Wata Asabar ɗin ta ce ta cika, sai da na goge hotunan sunan jikata, yayarku ba ta san wannan ba sai yanzu. A hankali na gane cewa babban yatsan tsohuwa ba abin dogaro ba ne, kuma ba zan iya riƙe agogo da ɗaukar hoto a lokaci guda ba. Sai Baba Dogara ya saro mini sanda mai baki biyu ya kafa ta daidai layin toka, muka ɗaure wayar da robar tsohon tib ɗin taya, na kafa mata lema. Ta riƙa ɗaukar komai tun daga tashi. In mutum ya gama, sai mu ja hoton baya mu duba daƙiƙar da tayarsa ta bar layi da daƙiƙar da ta dawo. Wannan ba mai musu da shi. Wani lokaci kuma in kwance ta in tafi kwanar ɗorawa in ɗauki yadda kowa yake shiga.

A gindin mangwaron nan na ga abin da ban zata ba. Za su kewaye ni, kawuna a haɗe, warin mai da zufa, kowa na jiran ya ji nasa. Wanda ya fi kowa ƙara da ɗaga taya, sai agogo ya nuna shi ne na baya. Nasiru yana da wata shiga da yake yi a kwanar ɗorawa, ya taka burkin baya babur ya zame a karkace, ƙasa ta tashi. Kyau kam akwai kyau. Amma Bulus, da yake rage gudu tun da wuri ya bi kwanar salin-alin kamar mai tsoro, kullum yana riga shi fita. Sai da Nasiru ya kalli hoton ya fi a ƙirga kafin ya yarda.

"Ke nan duk abin da nake yi asara ce?"

Na ce, "Ni ban san babur ba. Abin da waya ta ce na gaya maka."

Daga ranar ya bar zamiya. Suka koma gardamar sauya giya da iskar taya da inda ya kamata a saki totur. Suka daina zancen wanda aka yi wa ihu. Faɗuwa kam an yi ta, ba zan ɓoye muku ba. Jakar kayan aikina kullum tana gefena, na wanke ƙujewa ba adadi, sau ɗaya na ɗaure wa wani yaro tsintsiyar hannu muka kai shi asibiti. Amma kowa da ƙafarsa ya koma gida. Yaro biyu na kora saboda an gan su a ayarin biki, ɗaya har da kuka, ban janye ba. Ni kaina na fara jiran Asabar. Ina soya ƙosai ko in dafa dankali in tafi da shi, matar Baba Dogara ta kawo kunun zaƙi, in zauna a inuwa iska na kaɗawa. Rabon da in ji ina da amfani haka tun ranar da na miƙa makullin ɗakin magani.

Da ruwan farko ya sauka, Baba Dogara ya zo har gida ya tambaye ni ko a kwashe tayoyi a yi huɗa. A gaban babanku ya yi tambayar. Na san in aka rufe filin wata biyar, titi zai karɓe su, don damina ba ta hana biki. Na ce a bar shi bana. Babanku ya tashi ya shiga ɗaki. Shekara da shekaru masarar gonar nan muke ci, har a aika wa dangi, a shekarar kuwa da mudu na riƙa saye a kasuwa. A Islamiyya aka fara yi mini kallon gefe, wata ta ce a gabana wai akwai tsufan da ba ya zuwa da hankali. Yayarku ta kira ni ranta a ɓace.

"Mama, da na san abin da za ki yi da wayar nan ke nan, da ban saya ba. Mace kamarki a cikin 'yan babur?"

"Ki zo ki gani tukuna."

"Ba sai na gani ba. In wani abu ya sami yaron nan, me za ki ce wa Baba?"

Tambayar ta daɗe tana bina. Duk ranar da Nasiru ya sa hular nan sai ta dawo mini. Ban taɓa sabawa ba, na dai koyi riƙe fuskata.

Wajen ƙarshen damina labarin filin ya bazu. Yaran suka roƙe ni a yi tsere na gaske sau ɗaya, ba zagayen kowa shi kaɗai ba, a tashi tare a ga wanda zai riga. Na yarda, ban yi tunanin 'yan kallo ba. Ranar sai ga mutane cike da bakin gona. Abokan Nasiru daga Makera da Tudun Wada suka tsaya ta wajen mangwaro, mutanen Bulus daga Sabon Tasha suka tsaya ta wajen rafi. Ba wanda ya tsara haka, haka kawai aka rabu. Da na ɗaga kai na ga yadda aka tsaya, ban ji daɗi ba. Na yi aiki a garin nan a shekarun da aka yi ta kawo mana mutane a bayan akori-kura, na san ƙaramin abin da kan zama babba.

Aka yi ta fitar da mutane har ya rage Nasiru da Bulus, kamar yadda kowa ya zata. Ƙasa ta yi laushi da ruwan jiya, ba ƙura, ana ganin komai. Nasiru ne a gaba tun daga tashi, Bulus na manne da shi. A zagayen ƙarshe suka fito daga gangaren rafi kafaɗa da kafaɗa, suka wuce layin toka kamar an ɗaure su da igiya. Ɓangare biyun duka suka ɗauki sowa, kowa na cewa nasa ne. Kafin su tsayar da baburan an fara nuna juna da yatsa. Na ji wani daga wajen rafi yana cewa ai an san yadda za ta ƙare, uwar yaro ce alƙali. Wani daga wajen mangwaro ya mayar masa da abin da ba zan rubuta ba. Baba Dogara ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Hajiya, ki yi sauri."

Na kwance wayar. Na ce ba zan duba ni kaɗai ba, a ba ni mutum ɗaya daga nan, ɗaya daga can, su tsaya a kafaɗata. Na ja hoton da yatsa sannu sannu, kamar yadda na saba, har tayoyin suka iso layi. Ba wani wahalar gani. Tayar Bulus ta taɓa toka, ta Nasiru saura kamar tafin hannu. Na ɗaga kai sai muka haɗa ido da ɗana, ya cire hula yana haki, fuskarsa cike da tabbacin shi ne. Wata tara yana gyara babur ɗin nan saboda rana irin wannan.

Na ce, "Bulus ne."

Yaron Makera da ke kafaɗata ya ce, "Mama, ki sake dubawa."

"Kai ma ka gani. Faɗa musu abin da ka gani."

Ya juya ya ce wa mutanensa haka ne. Wayar ta yi ta yawo hannu zuwa hannu, daga mangwaro har rafi, kowa na ja da yatsansa. Kafin ta dawo gare ni hayaniyar ta koma gardamar kwana da burki. Bulus ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya nemi Nasiru su gaisa, amma Nasiru ya riga ya tura babur ɗinsa ya bar wurin.

Kwana da kwanaki bai ci abincin gidan ba. Zai fita da sassafe, in ya dawo ya gaishe ni daga bakin ƙofa ya wuce. Ga miji ba ya magana, ga ɗa ba ya magana, na ce to Binta, kin haɗa wa kanki. Ashe babanku yana lura. Wata ranar Laraba bayan la'asar, ina tsince shinkafa, ya tsaya a kaina.

"Me ya sami yaron nan?"

Na gaya masa duka. Ya jawo kujera ya zauna, ya sa tabarau.

"Mu gani."

Na nuna masa yadda ake jan hoton. Ya kalli ƙarshen, ya ce in mayar da shi farko. Ya kalli tseren gaba ɗaya, ya sake kallo. Da Nasiru ya shigo zai wuce, sai babanku ya kira sunansa, karo na farko tun ranar tsakar gidan nan. Yaron ya zo ya tsuguna.

"Uwarka ta yi gaskiya, an riga ka. Ka san dalili?"

"Ya fi ni fita kwanar rafi, Baba."

"Ba kwana ba ce. Zo ka duba." Ya tsayar da hoton da kansa, ya sa yatsa. "Ka waiga. Kana gaba, saura taku kaɗan, ka juya kai kana neman inda yake. Me ka aje a baya da za ka duba?"

Ni da na kalli hoton nan sau da yawa ban lura da waigen ba, tayoyi kawai nake kallo. Nasiru ya ƙura ido, sai dariya ta kuɓuce masa, ya rufe fuska da hannu. Babanku bai yi dariya ba, amma ya ce a zubo wa yaron abinci a nan, su ci tare.

Ba zan ce muku daga ranar komai ya koma daidai ba. Babanku har ya koma ga Allah bai taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban nema ba. Yayarku sai da ta shekara biyu kafin ta daina yi mini gorin wayar. Filin ma bai daɗe ba. Bayan damina ta biyu hanyar ta lalace da rashin tsaro, iyaye suka fara jin tsoro, ni ma na ce a dakata. Aka kwashe tayoyin aka koma shuka, har yau kuma masara ba ta tsayi a inda kwanar ɗorawa take, ƙasar ta daddale. Amma a cikin yaran da suka riƙe sharaɗina babu wanda na ji an kwasa a kan kwalta. Nasiru ga shi nan da garejinsa da 'ya'yansa, ƙafa biyu hannu biyu, shi ne ma yake kama yaran unguwa yana yi musu faɗan hula. Bulus yana kawo mini dankalin Filato duk Kirsimeti. In an tambaye ni ko na yi nadamar masarar shekara biyu, ban yi ba.

Abu ɗaya ya rage da ba wanda ya sani a cikinku, don babanku ya ce kada in faɗa, amma ina ganin yanzu ba zai damu ba. Asabar ɗin da ta biyo bayan maganar waigen, na shirya zan fita sai na tarar da babanku a ƙofar gida yana goge tsohon babur ɗinsa ɗan roba-roba, wanda yake zuwa masaƙa da shi a Kakuri kafin a rufe ta. Ya ce in hau, kuɗin mota ya yi yawa. Muka isa Kakau da hantsi, yaran ba su zo ba tukuna, daga mu sai Baba Dogara da awakinsa. Ya sauka ya zagaya filin da ƙafa, hannu a baya, yana taɓa tayoyi da takalmi. Ya daɗe a kwanar ɗorawa. Da ya dawo sai ya ga hular kwano da wani ya bari rataye a reshen mangwaro. Ya cire hularsa ta zanna ya miƙo mini, ya kifa waccan, ya tattare babbar riga ya cusa a tsakanin cinyoyinsa.

"Ɗaura abin naki," in ji shi.

Na ɗaura wayar a kan sanda. Ya tashi daga layin toka a natse, bayansa a miƙe kamar mai zuwa ɗaurin aure. A kwanar ɗorawa har da sa sigina. Wata akuya ta bi shi a guje ta wuce shi, Baba Dogara ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Da ya dawo kan layi ya kashe babur, ya ɗaga gilashin hular ya ce in duba. Na ja hoton na gaya masa lokacinsa.

"Na Nasiru fa?"

Na gaya masa. Ya fi ninki biyu. Ya kalli hanyar, ya gyara zaman rigarsa, ya sauke gilashin.

"Wannan gwaji ne," in ji shi. "Sake ɗaurawa."